Raino a Amurka: Kuɗin da iyaye ba su biya ba, tsufan mai raino ke biyansa

A alƙalumanta na shekarar 2023, hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ce tsaka-tsakin abin da mai rainon yara ke samu shi ne dala 14.60 a awa, wato dala 30,370 a shekara. Rabin masu wannan aiki ba sa ma kaiwa haka. Wanda ya ɗauko waya ya juya kuɗin zuwa naira ko sefa zai ce ai wannan baiwar Allah ta haye. A dakata da juyin tukuna. A manyan biranen ƙasar da dama, hayar ciki da falo kaɗai ta haura dala 1,500 a wata, ga kuɗin inshorar lafiya, ga mota wadda in babu ita babu zuwa aiki. Albashin raino yana cikin mafi ƙasƙanci a duk sana'o'in da hukumar ke ƙirgawa, yana kafaɗa da kafaɗa da na masu karɓar kuɗi a kanti da masu soya dankali a gidajen abinci.

Fiye da tara cikin goma na masu wannan aiki mata ne, kuma baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da baƙin haure suna da yawa a cikinsu fiye da kason da suke da shi a sauran sana'o'i. Iri uku ne. Akwai wadda aka ɗauka aiki a gidan raino mai rajista, tana da shugaba da takardar albashi. Akwai wadda ta mai da falon gidanta wurin raino, tana karɓar yara shida ko takwas na unguwa, ita ce mai gida ita ce yaron gida. Sai kuma wadda ke zuwa gidan masu hali ta yi rainon 'ya'yansu a can. Kowacce da irin ramin da ke jiranta a tsufa, amma duk hanya ɗaya ce ke kai su.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tsarin shi ne layin da aka ja a shekara biyar. Yaro ɗan shekara huɗu yana hannun mai raino. Da ya cika biyar ya shiga ajin farko na makarantar gwamnati, sai ya koma hannun malama wadda tsaka-tsakin albashinta ya haura dala 60,000, tana da inshorar lafiya, tana da fanshon da jiha ta ɗauki alkawarin biya har ƙarshen rayuwarta. Yaron bai canza ba, watanni kawai ya ƙara. Wadda ta koya masa zama da tsayuwa da magana da riƙe cokali tana karɓar rabin kuɗin wadda ta karɓe shi a shirye. Tsakanin raino da raini harafi ɗaya ne, a Amurka kuwa har wannan harafin ma ya kusa gogewa.

Me ya hana a ƙara musu albashi?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin iyayen yara ma kuka suke yi. Matsakaicin kuɗin rainon yaro ɗaya a shekara ya wuce dala 11,000, a jihohi da dama kuma rainon jariri ya fi kuɗin karatun jami'ar gwamnati tsada. To in iyaye na biyan wannan uban kuɗi, masu raino kuma na kwana da talauci, ina kuɗin ke shiga?

Mu buga lissafi. Dokar jihohi irin su Kalifoniya da New York ta ce mai raino ɗaya ba za ta riƙe jarirai fiye da huɗu ba. A Maryland ma uku ne. Mu ƙaddara kowane uba na biyan dala 1,200 a wata. Ɗaki mai jarirai huɗu ya kawo dala 4,800 ke nan. Amma gidan raino yana buɗe awa goma ko sha ɗaya a yini, saboda dole a kawo yaro kafin iyaye su tafi aiki a zo ɗaukarsa bayan sun tashi, ita kuwa ma'aikaciya awa takwas take yi. Ashe ɗakin na bukatar fiye da mutum ɗaya. A cire hayar gini, da inshora, da abinci, da wuta da ɗumama ɗaki lokacin hunturu, da albashin mai kula da ofis, da wadda za ta tsaya ranar da wata ta kwanta ciwo. Abin da ya rage shi ake rabawa, kuma ba ya rabuwa. Rahoton da ma'aikatar kuɗi ta ƙasar ta fitar a watan Satumba na 2021 ya nuna cewa ribar yawancin gidajen raino masu zaman kansu ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, har sakatariyar ma'aikatar ta lokacin, Janet Yellen, ta kira harkar misalin karyayyar kasuwa irin wanda ake kawowa a littafin karatu.

Masanin tattalin arziki William Baumol ya bayyana tushen wannan ciwo tun a shekarun 1960. Akwai ayyukan da inji ke ninka yawan abin da mutum ɗaya zai iya yi, kamar saƙa da noma da ƙera mota, don haka ana iya ƙara wa ma'aikaci albashi ba tare da kaya sun yi tsada ba. Akwai kuma ayyukan da ba sa ninkuwa. Hannun mace biyu ne yau kamar yadda yake shekara ɗari da suka wuce, cinyarta ba ta ɗaukar jarirai goma. Duk dalar da za a ƙara mata, daga aljihun iyaye huɗun nan za ta fito, su kuwa matasa ne da ke farkon aiki, a lokacin da samunsu ya fi kowane lokaci ƙanƙanta. Da yake ba a iya matse iyaye fiye da haka, ba a kuma iya matse mai gidan haya ko kamfanin inshora, sai matsin ya tafi inda babu mai yin ƙara yau: fanshon ma'aikaciya. Yunwar yau tana da baki. Ta shekara talatin masu zuwa ba ta da shi.

Duwatsun murhu

Amurkawa kan ce tsufan ma'aikaci a kan abu uku yake zaune, kamar tukunya a kan duwatsun murhu: fanshon gwamnatin tarayya da suke kira Social Security, da fanshon wurin aiki, da abin da mutum ya tara da kansa.

Na ukun ba ya bukatar dogon bayani. Masu ba da shawarar kuɗi suna ta nanata wa mutane cewa ba a fafe gora ranar tafiya, a fara ajiya tun da ƙuruciya. Gaskiya ne, amma sai da gorar ake fafewa. Masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, waɗanda suka daɗe suna bibiyar wannan sana'a, sun nuna cewa sama da kashi 40 cikin 100 na iyalan masu raino suna dogara da wani nau'in tallafin gwamnati, na abinci ko na magani ko rangwamen haraji. Mai karɓar katin tallafin abinci ba ta da rarar da za ta kulle shekara talatin. Akwai ma wani tarko: tallafin da ake ba tsofaffi matalauta, SSI, ba a ba wanda dukiyarsa ta wuce dala 2,000, ban da gidan da yake ciki da mota ɗaya, kuma tun 1989 ba a taɓa wannan adadi ba. Tsohuwar da ta yi ta maza ta tara dala dubu biyar, sai ta cinye su kafin ta cancanta.

Dutse na biyu shi ne ya sauya kama a idon mutane. A da, babban kamfani kan yi wa ma'aikaci alkawari: ka yi mana shekara kaza, mu riƙa biyanka kaza duk wata har ka mutu. Wani sashe na dokar haraji ta 1978 ya haifar da asusun da ake kira 401k, inda ma'aikaci ke yankar wani abu daga albashinsa, mai aiki, wato wanda ya ɗauke shi aikin, ya ɗora masa in ya ga dama, a zuba a hannun jari, abin da ya taru shi ne naka. Wanda ya ga yadda Nijeriya ta bar tsohon tsarin fansho a 2004 ta koma na karo-karo zai gane hoton, da bambanci ɗaya babba: a Nijeriya dokar 2014 ce ta ɗora wa mai aiki kashi 10 ma'aikaci kashi 8, a Amurka kuwa babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa buɗe wa ma'aikatansa asusun ritaya. Kyauta ce, kuma manyan kamfanoni ne ke iya yinta. Gidan raino mai ma'aikata tara da ribar da ba ta kai kashi ɗaya ba, ina zai samo? Manyan kamfanonin raino masu rassa a jihohi suna buɗe asusun, amma ko a can, ɗorin mai aiki sai ma'aikaciya ta fara zuba nata, ita kuwa tana lissafin man mota ne. Wadda ta daure ta zuba, ranar da mota ta lalace ko haƙori ya matsa, ta ciro kuɗin kafin ta kai shekara 59 da rabi, a yanke mata tarar kashi 10 ban da haraji. Ga yawan sauya wurin aiki, wanda ya yi katutu a wannan sana'a: a wasu tsare-tsaren sai an yi shekaru kafin ɗorin mai aiki ya zama naka, in ka tafi kafin lokacin ya koma musu.

Saura dutse ɗaya ke nan, kuma a kansa ya kamata a daɗe, domin yawancin masu raino shi kaɗai za su tarar.

Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar Social Security ranar 14 ga Agusta, 1935. Cikin waɗanda dokar ta tsame akwai rukuni biyu: ma'aikatan gona da masu aikin gida. Wannan tsamewa ta bar kusan kashi biyu bisa uku na baƙaƙen ma'aikatan ƙasar a waje, saboda a wancan zamani waɗannan ne ayyukan da aka bar musu, musamman a jihohin kudu inda jikokin bayi ke rainon 'ya'yan jikokin iyayengijinsu. Masana tarihi suna jayayya har yau a kan dalili. Wasu sun ce 'yan majalisar kudu ne suka ƙi yarda a ba baƙar mace wani abin dogaro da ba hannun uwar ɗakinta ba. Wasu sun ce ma'aikatar kuɗi ce ta ga karɓar haraji gida-gida ba zai yiwu ba. Ko wanne ne, ga wadda aka bari a waje duk ɗaya. Sai a 1950 aka fara shigar da masu aikin gida, dokar mafi ƙarancin albashi ta 1938 kuma ba ta shafe su ba sai 1974. Dokar da ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago, ita ma ta 1935, har gobe ba ta san da masu aikin gida ba.

Yadda tsarin ke aiki a yau shi ne, ana yankar kashi 6.2 daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya biya wani 6.2. Sai mutum ya tara maki 40, wato aƙalla shekara goma na aikin da aka rubuta, kafin ya cancanci komai. Idan lokaci ya yi, a ɗauki shekaru 35 da ya fi samu a rayuwarsa, a daidaita su da darajar albashin yanzu, a fitar da matsakaici na wata. A gaskiya ma'aunin yana tausaya wa mai ƙaramin ƙarfi: a lissafin 2024, ana mayar wa mutum kashi 90 na dala 1,174 na farko, sai kashi 32 na abin da ya biyo baya har zuwa dala 7,078, sai kashi 15 na sama da haka.

Mu gwada da mace mai samun dala 30,000 a shekara. In ta yi shekara 35 cur a rubuce, ta kuma jira har ta cika 67, wanda shi ne cikakken lokacin ritaya ga duk wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, za ta riƙa karɓar kimanin dala 1,480 a wata. Da ƙyar, amma ana iya numfashi, in gidan nata ne. To amma mace nawa ce ke samun shekara 35 ba yankewa? Ta haihu ta zauna gida, domin albashin nata ba zai biya kuɗin rainon ɗanta a wurin da take aiki ba, abin dariya abin kuka. Uwarta ta kwanta, ita ce mai jinya. Ta yi wasu shekaru tana rainon 'ya'yan maƙwabta ana ba ta a hannu. Duk shekarar da babu rubutu, sifiri ake sa mata a cikin 35 ɗin. In shekara 20 kawai aka rubuta, kuɗin ya sauko kimanin dala 1,140.

Wannan ma in ta kai 67 ɗin ne. Aikin raino aikin ƙarfi ne wanda ba a ƙirga shi cikin ayyukan ƙarfi: ɗaga yaro mai kilo goma ko sha biyu sau da dama a yini, durƙuso a kan kafet, zama a kujerar yara, kwasar duk wata mura da gudawa da ta shigo ɗakin. Baya da gwiwa suna fara kai ƙara tun ana hamsin da 'yan kai. Doka ta yarda a fara karɓa a shekara 62, amma da ragin kashi 30 na har abada. Dala 1,140 ta koma kimanin 800. Wanda ya iya jira har 70 kuwa ana ƙara masa kashi 8 a kowace shekara bayan 67. Lauya da malamin jami'a, masu aikin zaune, su ke iya jira. Su ne kuma dama suka fi tsawon rai. Inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare ba ta farawa sai 65, in ta fara kuma ana cire kuɗinta daga cikin fanshon, dala 174.70 a wata a 2024.

Mai zuwa gidan masu hali tana da nata ramin daban, wato biya a hannu. Doka ta ce duk iyalin da suka biya mai aikin gida dala 2,700 ko fiye a shekarar 2024, su ne masu aikinta, dole su yi mata rajista su biya harajin fanshonta. Ɗimbin iyalai ba sa yi. Sau da yawa ma da yardarta ne, domin kuɗi a hannu ba yanka ya fi daɗin karɓa ranar Juma'a, wadda ba ta da takardun zama kuwa ba ta da zaɓi. Amurka ta ga girman abin a watan Janairu na 1993, bayan da sabon shugaban ƙasa Bill Clinton ya zaɓi Zoe Baird ta zama babbar lauyar gwamnati, sai aka gano ta ɗauki wasu mata da miji 'yan Peru marasa izinin aiki, matar na raino mijin na tuƙi, ba ta kuma biya musu harajin fansho a kan lokaci ba. Dole ta janye. A 1994 majalisa ta sauƙaƙa dokar, ta ɗaga adadin daga dala 50 a wata uku, wanda ya tsaya haka tun shekarun 1950, zuwa dala 1,000 a shekara. Abin lura a wannan dambarwa shi ne, muƙamin uwar ɗaki aka yi ta tattaunawa. Tsufan mai rainon bai zama labari ba.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce mai raino a gidanta, domin ita gaskiya ma tana cutar da ita. A idon hukuma 'yar kasuwa ce, don haka kason ma'aikaci da na mai aiki duk a kanta suke, kashi 12.4, in aka haɗa da na Medicare ya zama 15.3. Dokar haraji ta ba ta damar cire kuɗin abincin yara, da kayan wasa, da wani kaso na haya da wuta da gyaran gida, kafin a lissafa ribarta. Duk mai hankali zai cire, mai cika mata takardun haraji ma zai ce ta cire. Sai dai ribar da ta rage a takarda ita ce hukumar fansho ke rubutawa a matsayin samunta. Matar da ta yi shekara 25 tana buɗe ƙofa tun ƙarfe shida na safe har shida na yamma tana iya zuwa ta tarar an rubuta mata kamar mai samun dala dubu goma sha wani abu a shekara. Abin da ta tsira da shi a watan Afrilu na kowace shekara, lokacin cika takardun haraji, shi za a cire mata kowane wata in ta tsufa. Kasuwancin nata kuma ba irin wanda ake sayarwa ba ne. Mai shagon gyaran mota yana sayar da shago da kayan aiki ya tafi da wani abu. Ita ranar da ta rufe ƙofa, abin da ya rage 'yan kujeru ne da akwatin kayan wasa.

An gina tsarin ne a shekarun 1930 da hoton magidanci mai aiki ɗaya a masana'anta da matarsa a gida. Shi ya sa har yanzu matar aure na iya karɓar har rabin fanshon mijinta in ya fi nata. Wadda aurenta ya mutu kafin shekara goma ba ta da wannan, wadda ba ta yi aure ba ma haka.

Magungunan da ake gwadawa

Iri biyu ne, kuma a ganina bambancinsu shi ne gaba ɗayan maganar: akwai masu ba mace asusu, akwai masu zuba mata wani abu a ciki.

Na farko ya fi yaɗuwa saboda ba ya cin kuɗin gwamnati. Jihar Oregon ta fara a 2017 da OregonSaves, Illinois ta biyo, Kalifoniya ta buɗe CalSavers a 2019. Yawancin masu aikin da ba su da tsarin ritaya dole su shigar da ma'aikatansu, a riƙa yankar kashi 5 na albashi kai tsaye, sai wadda ta ce ba ta so. Dabara ce mai kyau, domin ɗan Adam ya fi barin abu yadda ya same shi. Amma mai aiki ba ya ɗora ko sisi. Tsarin ma bai ba shi damar yi ba. Kashi 5 na dala 30,000 dala 1,500 ne a shekara, shekara 30 ya zama 45,000 kafin riba. Da babu gara ba daɗi. Sai dai kuɗinta ne aka ɗauke daga cefanen yau aka kai cefanen gobe, kuma in aka tsaya a nan ana yi mata wa'azin tattali, an bar jaki ana dukan taiki. Dokar SECURE 2.0 ta 2022 ta ɗan matsa gaba: daga 2027 gwamnatin tarayya za ta ɗora rabin abin da mai ƙaramin albashi ya ajiye, har dala 1,000 a shekara. Amma ga marar aure, cikakken ɗorin yana tsayawa ne a samun dala 20,500, ya riƙa raguwa har ya ƙare a 35,500, kuma sai ka ajiye dala 2,000 kafin ka ga dubun. Mai rainon da muke lissafi da ita ɗan guntu za ta samu.

Iri na biyu Kalifoniya ce ta nuna shi. Masu raino a gidajensu da ke karɓar yaran da jiha ke biya wa kuɗi sun shafe shekaru suna neman a ba su damar yin ciniki da gwamnati a matsayin ƙungiya, gwamnoni na ƙin sa hannu, har Gwamna Gavin Newsom ya amince a 2019. A 2020 suka kaɗa ƙuri'a suka kafa ƙungiyar Child Care Providers United mai wakiltar mutum kusan 40,000. Hujjarsu mai sauƙi ce: tunda jiha ce ke yanke farashin da ake biyanmu, ita ce mai aikinmu ko ta ƙi ko ta so. Suka fara samun asusun lafiya na dala miliyan 100, sannan a yarjejeniyar 2023 jiha ta yarda ta riƙa zuba dala miliyan 80 a kowace shekara a asusun ritayarsu, irinsa na farko a ƙasar. In aka raba a kan 40,000 bai wuce dala 2,000 ga kowacce ba, ba zai yi wa 'yar shekara sittin wani abin kirki ba. Amma kuɗi ne da bai fito daga tukunyarta ba, bai kuma fito daga aljihun iyaye huɗun nan ba.

Birnin Washington ya bi ta hanyar albashi: ya ƙara haraji a kan masu samun sama da dala 250,000, a 2022 ya fara ba masu raino ƙarin da ya kai dala 14,000 a shekara don a kusantar da su ga malaman firamare. Ƙarin albashin da aka rubuta, ƙarin fansho ne kai tsaye. Shekara biyu kacal bayan haka magajiyar gari Muriel Bowser ta nemi soke shirin saboda giɓin kasafi, sai da aka yi zanga-zanga majalisar birni ta cece shi. Haka kuɗin raino yake a Amurka, kullum a bakin ƙofa. Lokacin korona, da sana'ar ta rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatanta cikin 'yan watanni, gwamnatin Biden ta ware dala biliyan 24 a 2021 don kada gidajen raino su rufe, aka yi ta kiran matan nan ma'aikatan da ba a iya yi sai da su. Ranar 30 ga Satumba, 2023 kuɗin ya ƙare, ba a sabunta ba.

Ba rashin sanin hanya ba ne. Rundunar sojan ƙasar ta gyara nata gidajen raino da dokar 1989, ta ɗaure albashi da horo, ta biya bambancin daga kasafinta, saboda ta gane sojan da hankalinsa ke kan ɗansa ba ya riƙe bindiga da kyau. Jamus tana rubuta wa uwa shekara uku na fansho a kan kowane ɗan da aka haifa daga 1992, kamar ta yi aikin matsakaicin albashi. Birtaniya tana ba mai kula da yaro ɗan ƙasa da shekara 12 maki a fanshon gwamnati, tun 2011 har kaka mai rainon jika tana iya karɓa, kuma iyalin da suka ɗauki mai raino dole su sa ta a tsarin fansho su ɗora nasu kason in albashinta ya kai fam 10,000 a shekara. A Amurka shekarun raino na gida sifiri ne. Ƙasar ta taɓa zuwa dab da wata hanyar: a 1971 majalisun biyu suka zartar da dokar kafa gidajen raino na ƙasa baki ɗaya da kuɗin gwamnati, wadda Sanata Walter Mondale ya jagoranta. A watan Disamba Shugaba Richard Nixon ya hau kujerar na ƙi, yana cewa dokar za ta fifita rainon taron jama'a a kan na iyali.

Dutsen ɗaya da ya rage ma yana girgiɗi. Rahoton amintattun asusun Social Security na 2025 ya ce ajiyar da ake cike giɓin fanshon tsofaffi da ita za ta ƙare a 2033, kuma in majalisa ba ta yi gyara ba, harajin da ke shigowa zai iya biyan kashi 77 ne kawai na abin da aka yi alkawari. Yarinyar da aka haifa a shekarar da Nixon ya ƙi sa hannu, wadda ta girma ta shiga raino, a 2033 ɗin take cika 62. Dala 800 ɗin da muka lissafa mata, in aka yanke, za ta dawo kimanin 616.